Takardar Bindigar da Ba Ta Ƙetare Gada Ba

Sai da na yi wata huɗu a Amirka kafin in samu ɗakin da zan ce nawa ne. Sunana Lawali, a unguwar Kara-Kara aka haife ni cikin Damagaram, amma iyayena mutanen Tirmini ne. Da takardar zama ta halal na shiga ƙasar, irin wadda ake samu ta hanyar ƙuri'a. Na baro matata Hadiza da cikin wata uku a wajen Inna, mahaifiyata, da alkawarin shekara biyu kawai zan aiko su biyo ni.

Wanda ya tarbe ni wani ɗan ƙasarmu ne, Alhaji Bawa, wanda wani abokina na fadar shan shayi ya haɗa mu. Ya ba ni doguwar kujerar falonsa in riƙa kwana. Washegarin saukata ya miƙo hannu.

"Kawo takardunka in adana maka, ƙanena. Nan ba Damagaram ba ne. In suka ɓace ka shiga uku."

Na ba shi, har da godiya. Wata uku ina share masa shago, kullum yana cewa aikina na nan tafe. Rannan wata wasiƙa ta zo da sunana. Turancina bai kai ba, sai na kai wa wata 'yar Mali mai kitso a maƙwabta, Fanta, don da ita muna jin juna da Faransanci. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni.

"Kai kana aiki a wurin wankin motoci?"

Na ce ban taɓa taka wurin ba. Ashe Alhaji Bawa ya ba wani mutum takarduna, mutumin yana can yana aiki da sunana. Fanta ta ajiye matajinta, ta bar matar da take yi wa kitso da rabin kai, ta ja ni har shagon. Ban san mace na iya tsayawa a gaban babban mutum haka ba. Kafin la'asar takarduna suna aljihuna. Ita ce kuma ta kira wanta da ke wata jiha can kudu, ya ce in taho, ana ɗaukar ma'aikata a masana'antar fiɗar kaji.

Ƙaramin gari ne, ga zafi ga ruwan sama. Cikin masana'antar kuwa sanyi ne kamar an sa mutum a randar ƙanƙara, tun safe har yamma kana tsaye da wuƙa kaji na wucewa ta gabanka. Wan Fanta ya samo mini ɗaki a gidan wata tsohuwa baƙar fata mai suna Loreta, wadda ta yi shekaru tana dafa abinci a wata lakwal, wato makaranta, kafin ta ajiye aiki. Ranar da na je, ta tsaya a bakin ƙofa da sandarta, ta ɗaga yatsu uku.

"Ba giya, ba taba, ba bindiga. In ka yarda, shigo."

Dariya ta kama ni. Na ce mata ni a Kara-Kara na girma, na ga faɗan wuƙa da na gora, amma bindiga sai a hannun soja da jandarma, sai kuma kawuna na Tirmini da adakarsa ta harbin zabi. Ba ta yi dariya ba. Ta matsa na wuce.

Ba ta da yawan magana. Amma da ta lura ba na cin naman alade, sai ta sayo tukunya daban ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta ce wannan tawa ce. A bayan gidan tana da ɗan lambu. Wata Lahadi na dawo daga wanki na ji ƙamshin da ya tsayar da ni a tsakar gida: kuɓewa ce take dafawa. Na zauna a kan matakala ina share ido. Ta leƙo ta taga, ta gan ni, ta koma, sai ga kwano cike. Daga ranar na fara kiranta Iya. Ta tambayi ma'anarsa, na faɗa mata, ta ce to, ba laifi.

Ranar sunan 'yata Nana, ta salula na ji liman yana raɗa suna, na ji guɗar mata da muryar maroƙi. Ni kuwa ina zaune a bakin gado da kayan aiki a jikina. Da na fito, na tarar Iya ta gasa wainar fulawa mai zaƙi, ta kira maƙwabta biyu, suka tilasta ni in koya musu faɗin "Allah ya raya". A bangon falonta akwai hoton wani saurayi mai faɗin murmushi. Na taɓa tambaya, ta ce ɗanta ne Daniyel, ta tashi ta shiga ɗaki. Ban sake tambaya ba.

Bayan shekara biyu na samu parmi, wato lasisin tuƙa kamiyo, babbar motar kaya. Na bar kaji na hau hanya, ina kai kaya daga wannan jiha zuwa waccan, in yi kwana goma in dawo gidan Iya in huta. Na kuma shigar da takardun Hadiza da Nana. A lokacin na ji kamar ƙafata ta taka ƙasa.

Wata rana da tsakar rana, ina jiran a buɗe mini ƙofar wani sito, samari biyu suka ɓullo ta bayan motar. Ɗaya ya ɗora mini bakin bindiga a kunne. Har yau ina tuna sanyin ƙarfen. Suka kwashe abin da za su kwashe suka gudu. Ba su taɓa lafiyata ba, amma daga ranar na riƙa waige-waige duk lokacin da na tsayar da mota a wurin da ba mutane.

Akwai wani direba Bature, Bil, mai ƙaton ciki da son raha, da muke yawan haɗuwa wajen lodi. Ya ga halin da nake ciki, ya ce shi ba zai zuba ido ba. Ya kai ni shagon sayar da bindigogi a jiharmu. Aka bincika sunana, aka ga ba ni da laifi, na yi kwas na koyon riƙewa, bayan makonni aka ba ni takardar izini mai hotona. Mai shagon ya nuna mini wani rubutu da ya manna a bango cikin gilashi.

"Wannan daga kundin tsarin mulkin ƙasa yake. Ya ba mutum 'yancin riƙe makami. Ya fi ƙarfin gwamna, ya fi ƙarfin kowa."

Ni kuwa da kan ɗan Nijar na ji maganar. A wajenmu jiha rabon ƙasa ce kawai. Takardar da aka buga wa hatimi a Damagaram ita ce za ka nuna a Agadas, ita ce a Difa, ita ce a Yamai, doka ɗaya ce. Ban kawo a raina cewa akwai ƙasar da kowace jiha ke da majalisarta da dokokinta ba. A kwas ɗin an yi maganar, na gane daga baya, amma malamin yana sauri, ni kuma na ji kunyar ɗaga hannu.

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Na san kamfaninmu ya hana direbobi ɗaukar makami. Na kuma san sharaɗin Iya. Sai na riƙa barin bindigar a akwatin gaban kamiyo, ina gaya wa kaina ai ban shigar da ita gidan ba. In ta tambaye ni hanya, in ce lafiya lau, in kau da kai.

Wata bakwai bayan haka aka ba ni lodin da zan sauke a wata jiha ta arewa maso gabas. Da hantsi na haye wata doguwar gada a kan kogi. Ban yi nisa ba ɗan sanda ya tsayar da ni, ya ce fitilar baya ɗaya ta mutu. Matashi ne, mai ladabi. Kamar yadda aka koya mana, na ɗora hannuwana a kan sitiyari na ce:

"Ranka ya daɗe, akwai bindiga a akwatin nan. Ga takardar izinina."

Ya karɓa ya duba gaba da baya. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya yi ajiyar zuciya.

"Wannan takardar ta daina aiki tun a tsakiyar gadar can. Sauko, don Allah."

Da ya sa mini ankwa ya tambaye ni ko ta matse ni. Ya bar ni na ɗauki carbina. Ni dai ina ta maimaita masa kundin tsarin mulki, kundin tsarin mulki, shi kuwa yana cewa in bari sai na ga lauya.

Kwanana tara a kaso. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi wani dattijo ne mai furfura da ya sha shiga da fita. Ba musulmi ba ne, amma da ya ga ina dube-dube ina neman gabas, ya nuna mini kusurwar da rana ke fitowa, ya kuma riƙa naɗe ƙafafunsa a kan gado in samu wurin sujada. A rana ta biyu aka ba ni damar kiran waya. Na kira Iya, na gaya mata komai.

"Wata bakwai?" in ji ta.

"Wata bakwai, Iya."

Ta ajiye wayar.

Lauyar da gwamnati ta ba ni, Madam Rosa, 'yar gajeruwa ce mai tulin takardu da gajiya a ido. Na tambaye ta abin da ya fi damuna: shin mai shagon ƙarya ya yi mini?

Ta ce bai yi ƙarya ba, bai dai faɗi rabin maganar ba. Ta ɗauki takarda ta zana babban da'ira, ta zana ƙanana a ciki. Ta ce tun asali waɗannan 'yancin da ke cikin kundin an rubuta su ne don a ɗaure hannun gwamnatin tarayya, ba na jihohi ba. Daga baya aka yi gyara, kotun ƙoli ta riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya tana cewa wannan ma ya hau kan jihohi. Na bindiga ya daɗe ana jayayya a kansa kafin kotun ta ce shi ma ya hau kansu.

"To ai ke nan ina da gaskiya," na ce.

"Jiha ba za ta iya hana ka gaba ɗaya ba. Amma tana iya cewa sai da takardarta, ba ta maƙwabciyarta ba. Iyakar inda ikonta ya tsaya, har yau ana shari'a a kai. Kai a cikin ramin da ke tsakani ka faɗa."

Sannan ta gaya mini abin da ya fi komai muni. A jihar nan hukuncin ɗaurin shekaru ne. Kuma tunda ni ba ɗan ƙasa ba ne tukuna, in aka same ni da laifin makami za a iya ƙwace takardar zamana a mayar da ni gida, takardun iyalina kuma su bi ruwa.

Aka sake ni kafin ranar shari'a. Kamfani ya riga ya kore ni. Kunya ta hana ni komawa kudu, sai na raɓe a wani masallacin 'yan Afirka ta Yamma, ina shara ana ba ni wurin kwana. A makon ne Hadiza ta kira cike da murna, wai an aiko su je ambasad, ofishin jakadancin Amirka a Yamai, ganawa. Har ta kai ɗinki. Na ji Nana a gefe tana waƙa.

"Baban Nana, muryarka ba daidai take ba."

Na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, aƙalla ban ji ba. Ta ce, "Inna ba za ta ji wannan daga bakina ba sai ya wuce. Kai dai ka riƙa cin abinci."

Bil bai yar da ni ba. Yana ganin shi ya jefa ni, sai ya haɗa ni da wani lauya na wata ƙungiyar masu kare 'yancin riƙe bindiga. Mutumin ya zo har masallaci, ya cire takalmansa da kansa. Ya ce irina suke nema: mai aiki, marar laifi, wanda ya faɗi gaskiya da bakinsa. Ya ce 'yancin da ke mutuwa a kan gada ba 'yanci ba ne, kuma za su ɗauki shari'ata kyauta su kai ta har sama. Ban ga alamar yaudara a tare da shi ba, ya yarda da abin da yake faɗa. Na tambaye shi shekara nawa za a ɗauka. Ya ce uku, ko biyar. Na ce in muka faɗi fa? Ya dubi ƙasa.

Madam Rosa kuwa wata ƙaramar ƙofa ta nuna mini. In mai gabatar da ƙara da alƙali suka yarda, za a iya sa ni a gwaji na shekara ɗaya ba tare da na amsa laifi ba. In sallama bindigar, in kiyaye, sai a rufe maganar. Amma a shari'ar makami da wuya suke yarda. Ta ce in da akwai wanda ya san ni, ɗan ƙasa, da zai tsaya ya yi magana a kaina, zai taimaka. Ta nemi lambar mai gidan da nake haya. Na ba ta, na ce amma kada ta wahalar da kanta.

Na yi kwana uku ina juya maganar. Har ga Allah raina yana so in tsaya a ce ban yi laifi ba. Amma Nana ta shekara uku ba ta taɓa jin ɗumin hannuna ba. Na kira lauyan ƙungiyar na ba shi haƙuri. Ya ce ya fahimta, ya yi mini fatan alheri.

Ranar shari'a na shiga da rigar da wani ɗan Gine ya ara mini. Ina ɗaga kai na hango wata hular zuwa coci mai ruwan toka a benci na biyu. Iya ce, da sandarta a tsakanin gwiwoyi. Tun jiya take cikin bas, ita da ko kasuwa ba ta iya zuwa sai ta huta a hanya. Ba ta dube ni ba.

Da alƙali ya ba ta izini, ta miƙe a hankali.

"Ba wanda ya kai ni ƙin bindiga a ɗakin nan," in ji ta. "Da ni ke yin doka, da na kwashe su duka na zuba a kogin can. Ɗana ɗaya ne, Daniyel. An yi masa fashi, ya tsorata, ya sayi bindiga da takardarsa. Karo na biyu da suka tare shi ya kai hannu, suka riga shi. Shekararsa ashirin da shida." Ta tsaya ta gyara riƙon sandarta. "Wannan da ke zaune ya ɓoye mini, kuma ban gama fushi da shi ba. Amma shekara uku yana gidana. Shi ke ɗauko mini magani, shi ya gyara mini rufi, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda ya kama nawa. Nawa ba wanda ya ba shi dama ta biyu. Ina roƙo a ba wannan."

Mai gabatar da ƙara ya sunkuya yana juya takardu, sannan ya nemi a ba shi minti goma da Madam Rosa. Da suka dawo, ya ce ba ya jayayya. Alƙali ya yi mini dogon gargaɗi, ya sa hannu.

A waje na durƙusa a gabanta kamar yadda zan yi wa Inna. Mutane suna wucewa suna kallo.

"Tashi, kana ba ni kunya," ta ce. "Dubi yadda ka rame. Ɗauki jakar nan, bas ba zai jira mu ba."

A hanya ta yi barci da kanta a kafaɗata. Ban motsa ba har hannuna ya mutu. Da muka haye gadar na rufe ido.

Na koma fiɗar kaji, na cika shekarata ba ko ƙaramin laifi, aka rufe shari'ar. An ɗage ganawar su Hadiza, amma ba a soke ba. Bil har yau yana cewa da na tsaya da mun yi nasara, da an daina kama direbobi a bakin gada. Wataƙila yana da gaskiya. Iya kuma tana cewa jihar da ta kama ni ita ce mai hankali a cikinsu. Dukansu sun so ni da alheri, kuma ban iya raba musu gardama ba.

Shekarata biyar da fita na sauka Damagaram in ɗauki iyalina. Da na hango duwatsun unguwar Birni daga mota, sai na ƙura musu ido har muka shiga gari. Nana ta ɓuya a bayan zanen uwarta, sai da aka kwana biyu ta yarda ta zauna a cinyata. A rana ta uku, bayan baƙi sun ragu, na zauna a tabarma na ba Inna labarin duka. Ta saurara tana tsince wake a faifai, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce:

"Kira mini matar nan."

Na kira ta bidiyo. Can safiya ce, Iya tana zaune a kicin da tabarau a hanci. Tsofaffin biyu suka ƙura wa juna ido, ni a tsakiya ina fassara. Inna ta gaishe ta, ta tambayi ƙafarta, ta yi mata ta'aziyyar Daniyel kamar jiya aka yi rasuwar, ta ce Allah ya ba ta haƙuri. Sannan ta gyara lulluɓinta.

"Gaya mata ni na haife ka, amma ban je inda ta je ba. Gaya mata na raba ka biyu, rabi nata ne. In ka sake yi mata ƙarya, ta hukunta ka, ba sai ta tambaye ni ba."

Na buɗe baki in mayar da shi Turanci, muryata ta ƙi fita. Iya ta cire tabaraunta ta goge da gefen riga.

"Bar shi, Lawali," ta ce. "Na ji."